Kwalli a idon jarirai: shin da gaske akwai dalma a cikinsa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san harkar lafiya a cikin wannan zaure su yi mana bayani, domin a wurin awon jarirai wata ma'aikaciyar jinya ta ga kwalli a idon 'yata, ta ce in daina sa mata saboda akwai dalma a cikinsa. Yarinyar watanta uku, kuma tun kafin suna surukata take zizara mata shi kullum bayan wankan safe, har ta ja mata gira da shi. Kwallin ba na kanti ba ne, dutse ne mai sheƙi da aka sayo a wurin 'yan koli, aka niƙa a gida, aka ɗura a tandu. Ni dai na san gubar dalma da labarin Zamfara da masu haƙar zinare, ban taɓa jin an danganta ta da abin da kowace mace take da shi a ɗakinta ba. Shin maganar nan tana da tushe?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Gaskiya ma'aikaciyar ta faɗa miki, kuma ina roƙonki ki dakatar da kwallin nan daga yau. Wannan dutse mai sheƙi da nauyi wanda ake niƙawa, a mafi yawan lokuta ma'adinin dalma ne da kansa, wato dalma haɗe da farar wuta, ba wai wani ne ya gurɓata shi a hanya ba.

A shekarar 2011, a asibitin yara na birnin Boston da ke Amurka, an auna jinin wani yaro ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, aka samu dalma ta kai maikirogiram 13 a kowace desilita ta jini. An duba gidan da suke zaune ba a ga inda gubar take fitowa ba, sai da aka lura da baƙin da ke idonsa. Tun yana da mako biyu ake sa masa kwalli sau uku zuwa huɗu a mako, kwallin da aka sayo a Ilori aka kai masa tsaraba, kuma da aka gwada garin sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton a 2012, ta ambaci sunan da Yarabawa suke kiransa, tiro, ta kuma ambaci tozali da kwalli, don kada wani ya zaci wani abu ake nufi daban da namu.

Yadda dalmar take shiga jiki kuwa ba ta fatar ido ba ce galibi. A lungun kowane ido, gefen hanci, akwai 'yar kafa da hawaye yake bi ya sauka cikin hanci ya wuce maƙogwaro, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Garin kwalli yana bin wannan hanya a haɗiye shi. Sannan jariri yana murza ido da hannu, ya kai hannun baki ya tsotsa, kuma yana yin haka sau da yawa a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba yake tsotsewa.

Dattijon Unguwa:
Likita, Allah ya saka da alheri, amma ni ina da ja. Na haura shekara saba'in, da kwalli aka rene ni, da shi aka reni iyayena, da shi kuma matana suka reni 'ya'yana, ban ga wanda ya makance ba, ban ji wanda aka ce kwalli ne ajalinsa ba. Tsofaffinmu sun sa shi ne don ya wanke ido, ya kashe kwantsa, ya rage zafin rana, ya kuma kare yaro daga baki. Abin da yake damuna shi ne, kullum sai an wayi gari an ce mana abin da muka gada guba ne, daga baya kuma a kawo mana wani na kanti a ce shi za mu saya. Idan har dutsen nan yana da illar da kake faɗa, ina gawarwakin suke?

Likitan Yara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ita ce ainihin wahalar wannan al'amari, domin dalma ba ta cika yin ɓarnar da ido zai gani ba. Ban ce kwalli yana makantarwa ba. Ɓarnarsa a ƙwaƙwalwa take, kuma irin ta gara ce a cikin azara, daga waje itace lafiya lau, ciki kuwa an cinye.

Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin kalsiyam, wanda yake gina ƙashi yake kuma taimakon jijiyoyi wajen isar da saƙo, sai ya buɗe mata ƙofa ta shiga ƙwaƙwalwar yaro a daidai shekarun da take ginuwa. Abin da ke biyo baya shi ne raguwar kaifin fahimta, da jinkirin magana, da rashin natsuwa a aji, da ƙarancin jini, domin tana hana jiki haɗa jan jini yadda ya kamata. Yaron da aka rage wa basira ba ya kwanciya ciwo. Yana girma, yana aure, yana noma ko kasuwanci, sai dai a ce ba shi da kan karatu, ko a ce haka Allah ya yi shi, kuma babu wanda zai taɓa sanin inda ya kamata ya kai.

A 2005 an wallafa wani nazari da ya tattara bayanan yara 1,333 daga bincike bakwai na ƙasashe daban-daban, aka ga cewa raguwar basira ta fi sauri ne a ƙananan ma'aunai, ƙasa da maikirogiram 10 a kowace desilita ta jini, wato a matakin da a da ake ɗauka babu komai. Shi ya sa a Amurka aka sauko da ma'aunin da ake fara bincike a kansa daga 10 zuwa 5 a 2012, aka ƙara saukowa zuwa 3.5 a 2021. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Game da batun saye, Baba, ni babu abin da nake cewa a saya a madadinsa. Idon jariri mai lafiya ba ya bukatar a sa masa komai, hawayensa ya ishe shi wanki.

Ɗan Anka:
Baba ya tambayi gawarwaki, mu a wajenmu mun gan su. A watan Maris na 2010 ne likitocin MSF, wata ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, suka lura yara suna mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma aka ƙiyasta aƙalla yara 400 suka rasu. Kafin a gano dalma ce, wasu sun ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu sun ce sanƙarau, wasu sun ce iska, domin yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya sandare, ya tafi. Na'urar da ake auna jini da ita a ƙauye iyakarta 65, yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. Ƙauyen Bagega da ke ƙasar Anka ma sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, sannan a 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Zan yi adalci, wancan ba kwalli ne ya jawo shi ba. Dutsen zinare ne mai dalma da ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi ɗaki da tsakar gida inda yara suke rarrafe. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da suka rayu, waɗanda wasunsu har yau ba su dawo daidai ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini dutse mai dalma ake niƙawa a cikin gida, ko da cikin cokali ne, ba na ɗaukar maganar da wasa.

Malamin Islamiyya:
Ina so a yi hattara da ɓangaren addini, domin nan ne mutane da yawa za su tsaya, kuma suna da hujja. Ya tabbata a hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kwaɗaitar da sa kwallin ismidi, ya ce yana ƙara hasken gani yana kuma tsirar da gashi. Babu Musulmin da zai raina wannan. To amma hadisin ya ambaci wani dutse ne takamaimai, bai ce duk baƙin garin da aka sa a tandu ba, kuma malamai sun ɗauki abin a matsayin mustahabbi, ba su ce wajibi ne a kan uwa ta sa wa jaririnta ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisi na 32 a cikin Arba'una, wanda ko 'yan aji uku sun haddace, cewa babu cuta babu cutarwa. Idan masana amintattu sun tabbatar cewa abin da ke hannunmu yana cutar da yaro, barinsa shi ne abin da shari'a take nema, kuma wanda ya bari bai saɓa wa sunna ba. Abin da nake son sani daga masana shi ne, shin dutsen da ke kasuwanninmu ismidi ne ko ba shi ba ne? Sannan wanda alhazai suke kawowa tsaraba daga Makka da Madina fa?

Mai Nazarin Duwatsu:
Allah ya gafarta Malam, wannan fannina ne, bari in amsa. Duwatsu biyu ne mabambanta, ko da yake dukkansu baƙaƙe ne masu sheƙi. Wanda aka fi fassara ismidi da shi ma'adinin antimoni ne, yana fitowa ne tsinke-tsinke kamar an ɗaure allurai, kuma nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau huɗu da rabi. Na biyun shi ne galina, ma'adinin dalma, wanda idan aka buge shi yake fashewa murabba'i-murabba'i da gefuna a miƙe, nauyinsa kuma ya ninka na ruwa kusan sau bakwai da rabi, shi ya sa ɗan guntunsa yake cika hannu da nauyi. Idan galina tsantsa ne, kimanin kashi 86 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce. Wannan na biyun shi ne muke da shi a ƙasarmu da yawa, a tsagin kwarin Binuwai, daga Abakaliki a jihar Ebonyi zuwa Arufu a Taraba zuwa Zurak a ƙasar Wase ta jihar Filato, kuma tun kafin zuwan Turawa fatake suke ɗauko tozali daga waɗannan wurare zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Saboda haka dutsen da Maman Hanifa ta siffanta, wanda mutane suke ganin shi ne na asali mara algus, shi ne ya fi kowanne yawan dalma.

Na tsarabar aikin hajji ma ba shi da tabbas. An sha gwada kwallin da ake sayarwa a kasuwannin ƙasashen Larabawa, irin su Oman da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka samu da yawansa galina ne, wasu kuma baƙin hayaƙin fitila ne da aka kwaɓa da mai, antimoni kuwa da ƙyar ake cin karo da shi. Rubuta ismidi a jikin kwalba ba ya mayar da dalma ismidi, kuma an sha samun dalma a cikin waɗanda aka rubuta musu cewa babu dalma. Da zarar an niƙa ya zama gari, ni kaina ba zan iya bambancewa da ido ba sai an kai ɗakin gwaji. Ko da an dace da antimoni na gaske, sau da yawa yana fitowa daga ƙasa a cakuɗe da dalma ko wata gubar da ake kira arsenik, don haka ba zan ba da shawarar a sa wa jariri shi ba. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna ta hana shigar da irin wannan kwalli ƙasar gaba ɗaya.

Ɗan Koli:
Ni sana'ata ce ake magana a kai, kuma na gaje ta. Gaskiyar magana, masu jego da kakanni su ne suka fi sayen kwalli a wurinmu, kuma mai saye yakan ɗaga dutsen ya jijjiga a hannu, idan ya ji nauyi ya ce wannan shi ne mai kyau. Wanda ba ya son wahala mu muke niƙa masa, mu tankaɗe da ƙyalle mai laushi, mu ɗura a 'yan kwalabe. Babu wanda ya taɓa zuwa rumfata ya ce mini abin nan yana da illa, da na sani da ban sayar wa mai jariri ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bayanin ɗan'uwanmu na Anka, domin a zauren gidana nake niƙan, yarana kuma a nan suke wasa, babban cikinsu ma shi yake taya ni tankaɗe.

Ungozoma:
Malam Ɗan Koli, Allah ya saka maka da wannan gaskiya, kuma ka fitar da niƙan nan daga gida tun kafin komai. Ni zan ƙara abu biyu da nake gani a wurin aiki. Na farko, ba ido kaɗai ake sa wa kwalli ba, akwai masu barbaɗa shi a cibiyar jariri don ta bushe da wuri, alhali wurin ɗanyen rauni ne. Abin da aka amince a sa wa cibiya shi ne man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, shi ma a cibiya kaɗai, kada ya kuskura ya taɓa ido. Na biyu, idan idon jariri yana fitar da ruwa mai kauri kamar mugunya, ya kumbura, musamman a makonnin farko, wannan ciwo ne da zai iya lalata ido cikin 'yan kwanaki, asibiti ake kai shi. Kwalli yana rufe alamar ne kawai, kuma tsinke ɗaya da ake sa wa uwa da jariri da yayyensa shi yake yawo da ciwon ido daga wannan zuwa wancan. Kwantsar safe ta yau da kullum kuwa, auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce sun wadatar, a goge daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa.

Maman Hanifa, batun surukarki shi ne mai wuya, domin a ƙasar Hausa ba mai jego ce take da iko da jaririn fari ba, kaka ce. Kada ki tunkare ta da cewa tana sa wa jikarta guba, tsohuwar nan ƙauna ce ta sa take yi, kuma idan ta ji an zarge ta za ta kafe. Ki fara fahimtar da maigidanki, shi ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi, ko kuma ku tafi awo na gaba tare da ita ta ji daga bakin ma'aikata. Idan tsoron baki ne ya sa take sawa, addu'o'in neman tsari da Annabi ya koyar a yi wa yara suna nan, Malam zai iya rubuto mana su.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. Yanzu da ta riga ta yi wata uku ana sa mata, me ya kamata in yi? Akwai maganin da ke wanke dalmar? Sannan ni kaina ina sa kwallin nan tun ina da cikinta, kuma ina shayarwa.

Likitan Yara:
Ki kwantar da hankalinki, babban mataki shi ne tsayar da abin, domin da zarar an toshe kafar, dalmar da ke cikin jini takan fara sauka. Ke ma ki daina sawa, haka duk mai ciki da mai shayarwa, saboda dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, kuma wadda ta taru a ƙashin mace tun tana yarinya takan sake fitowa cikin jini lokacin goyon ciki. Hannunki ma da ya taɓa tandu shi zai taɓa nono da bakin yarinya. Amma kada ki yaye ta saboda wannan, ki ci gaba da ba ta nono zalla har wata shida.

Hanya ɗaya tak ta sanin yawan dalmar da ke jikinta ita ce gwajin jini, ba a ganewa da duba fuska. Ba kowane asibiti yake yin gwajin ba, don haka ki faɗa wa likitan yara a babban asibiti mafi kusa cewa an yi wata uku ana sa mata kwallin dutse, ki tafi da tandun a ƙulle cikin leda, shi zai san inda zai tura ku. Maganin da ke janye dalma daga jini yana nan, shi aka yi amfani da shi a Zamfara, amma ana ba da shi ne idan ma'auni ya kai wajen 45, a ƙarƙashin kulawar likita, kuma ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Kada kowa ya sayi wani jiƙo ko haɗin da aka ce yana wanke guba ya ɗura wa jariri. Idan ta isa cin abinci, ki kula da masu ƙara jini da ƙarfin ƙashi, irin su hanta da wake da zogale da miyar kuka da kindirmo, domin yaron da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko wanda cikinsa yake wofi ya fi saurin tsotse dalma. Idan kuwa yaro ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, ko yawan barci mai nauyi, ko jijjiga, a garzaya da shi asibiti a faɗi batun kwallin tun a bakin ƙofa.

Dattijon Unguwa:
Likita, na ji, kuma bayanin Malam da na mai duwatsu sun fi shiga kaina. Ban janye cewa iyayenmu da kyakkyawar niyya suka yi ba, amma zan yi wa matan gidana magana a kan jikoki. Sai dai har yanzu ina da saura: hukumar NAFDAC ce take kula da kayan kwalliya a ƙasar nan, amma wannan dutse ba shi da kwali ba shi da lamba, a faranti ake kasa shi. Idan ba a bi ta rediyo da masallatan Juma'a da wuraren awo an faɗa wa mutane da Hausa ba, mu 'yan ƙalilan da ke wannan zaure ne kawai za mu sani.

Mai Nazarin Duwatsu:
Haka ne, Baba. Kafin nan, ga Malam Ɗan Koli da duk wanda aka taɓa niƙa dutsen a gidansa: kada a share wurin da tsintsiya, domin shara tana tayar da ƙurar ne yara su shaƙa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma sau da yawa a jefar da tsumman. Dutsen niƙa ko turmi ko rariyar da ta taɓa kwalli kada ta sake taɓa abinci, ko an wanke ta. Ragowar garin kada a ƙona shi, kada a zuba a rijiya ko kwata ko bolar da yara suke tonawa, a ƙulle shi a kwalba mai murfi a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa. Malam Ɗan Koli, yaronka mai taya ka tankaɗe da ƙannensa su ne suka fi kowa bukatar gwajin jinin da Likita ya ambata, kai ma ka sa a auna naka, kuma ka riƙa sauya tufafin aiki kafin ka shiga cikin iyali.